Balsamin da aka gano a kurmin Ebo, da dalilin da ya sa ba a jin irin wannan labari daga arewa

Tambaya, daga wata malamar kimiyya a wata lise a Garwa: Assalamu alaikum Malam. Na ga labari cewa masana sun gano sabon nau'in furen balsamin a wani kurmi na kudancin Kamaru, wai shi Impatiens banen, kuma wai tun yanzu yana cikin haɗarin ɓacewa. Da na kai labarin aji sai ɗalibai suka tsare ni: yaya tsiron da Allah ya halitta tun tuni zai zama sabo? Yaya abin da aka gano jiya za a ce zai ƙare gobe? Me ya sa kullum a kudu ake gano irin waɗannan, mu nan arewa ba mu da komai ne? Ni kuma tawa tambayar: yana magani? Zai yi a tukunya a nan Garwa?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Ki gaishe mini da ɗaliban nan naki. Tambayoyinsu uku jijiyarsu ɗaya: abin da ya sa dangin balsamin yake da nau'o'i barkatai, shi ya sa kowanne bai da yawa, shi ne kuma ya sa ake daɗewa ba a san da su ba. Amma bari mu fara da labarin kansa.

Gaskiya ne. A 2022 wasu masana tsirrai, cikinsu har da Martin Cheek na lambun bincike na Kew a Ingila da Jean Michel Onana na Yawunde, suka wallafa bayanin sababbin balsamin biyu daga Kamaru. Na farko shi ne wanda kika gani, Impatiens banen, daga kurmin Ebo a yankin Littoral, arewa maso gabas da Duwala. Ba cikin duhun kurmin yake fitowa ba, a kan wasu manyan duwatsu ne da suka ɓullo tsirara daga tsakiyar itatuwa, kuma furensa launi biyu ne. An raɗa masa sunan Banen, mutanen da kurmin yake ƙasar kakanninsu. Na biyun Impatiens etugei, daga gandun dajin Kom-Wum a yankin Arewa maso Yamma, inda yake manne da duwatsun cikin kogi guda. Shi kuma ya ci sunan Martin Etuge, ɗan Kamaru da ya yi shekaru yana tara tsirrai a dazuzzukan kudu.

Wannan raɗin suna ya yi mini daɗi. Balsamin na farko-farko da aka rubuta daga wannan yanki sun fito ne daga tarin Gustav Mann, Bajamushen da ya hau Dutsen Kamaru a ƙarshen 1861 zuwa farkon 1862 tare da Richard Burton da ɗan mishan Alfred Saker. Da masanin tsirrai Joseph Hooker ya zauna a Kew yana ba su suna, sai ya raba wa matafiyan: ga Impatiens mannii, ga burtonii, ga sakeriana. Waɗanda suka nuna musu hanya suka ɗauki kayansu ba wanda ya samu ko ganye.

To, sabo ta yaya? Kin san yaron da zai kai ajin ƙarshe na firamare, lokacin rajistar jarrabawar CEP ya zo, a nemi takardar haihuwarsa a ce babu. Yaron yana nan da ransa, uwarsa ta san shi, unguwa ta san shi, yana da suna har da laƙabi. A littafin gwamnati ne kawai babu shi. Tsiron nan ma a littafin masana yake sabo, kuma shiga littafin yana da sharuɗɗa. Sai an ajiye busasshen samfuri guda a wata sananniyar ma'ajiyar tsirrai, wanda zai zama shi ne shaida duk ranar da gardama ta tashi kan sunan. Sai an rubuta abin da ya raba shi da 'yan'uwansa na kusa, a ba shi suna mai kalma biyu da ba a taɓa ba wani ba, a wallafa. Da can dole bayanin ya zama da Latin. Daga 1 ga Janairun 2012 aka yarda da Turanci, aka kuma yarda da wallafawa a intanet. Faransanci bai shiga ba, abin da ba ya yi wa abokan aikinmu na Yawunde daɗi. Babbar wahalar ita ce tabbatar da cewa ba wanda ya riga ka. Sai ka gwada naka da tarin ma'ajiyar ƙasa ta Yawunde, wadda René Letouzey ya kafa a 1948, da na Kew, da na Paris. Samfuran zamanin mulkin Jamusawa kuwa da yawansu sun ƙone lokacin da bam ya faɗa wa ma'ajiyar Berlin a Maris 1943, saura bayanin da ke rubuce kawai.

A nan balsamin yake ba masana ciwon kai fiye da yawancin tsirrai. Ki danne reshen ƙirya ko ganyen kuka tsakanin jaridu, bayan shekara hamsin mai ido zai gane shi. Furen balsamin kuwa kusan duk ruwa ne. Ki riƙe ɗanye ki duba: daga sama akwai ganyen fure guda kamar hula, a gefe biyu akwai wasu huɗu da suka haɗe biyu-biyu suka zama wurin saukar baƙo, daga ƙasa kuma wata 'yar jaka wadda ta zarce baya ta zama siririn bututu mai lanƙwasa. A ƙarshen bututun nan ruwan zaƙi yake. Duk abin da ke raba nau'i da nau'i yana jikin waɗannan: tsawon bututun, yadda ya lanƙwasa, girman na gefe na sama idan aka gwada da na ƙasa, ɗigon launi a maƙogwaro. Ki danne shi yau, ki buɗe jaridar jibi, abin da za ki tarar ɗan bawo ne siriri ruwan ƙasa, ya manne da takarda, ba launi ba siffa. Shi ya sa mai tara balsamin yake zama nan bakin rafin, ko ana ruwa, ya fiɗe furen da reza, ya shimfiɗa kowane ɓangare daban a kan kati, ya jefa wasu furannin cikin kwalbar alkol mai ƙarfin kashi 70, ya ɗauki hoto ta gaba da ta gefe, ya rubuta launi tun idonsa na gani. Hooker ɗin nan da na ambata, a kan busassun balsamin na Asiya ya ƙarar da shekarunsa na ƙarshe, yana jiƙa su yana warwarewa ɗaya bayan ɗaya, har ya rasu a 1911 yana da shekara 94, aikin bai ƙare ba.

Saboda haka ranar da aka tsinko tsiro daban, ranar da ya samu suna daban. Wani bincike da aka wallafa a 2010 ya nuna kashi 16 cikin ɗari ne kawai na sababbin nau'o'i ake bayyanawa cikin shekara biyar da fara tsinko su, kusan ɗaya cikin huɗu kuwa samfurinsu ya haura shekara 50 a kabad. Duk da haka kowace shekara ana raɗa wa tsirrai kimanin 2000 suna a duniya. Ki gaya wa ɗalibai wannan ba abin al'ajabi ba ne na shekara ɗari, aiki ne da ake yi kullum.

Yanzu ga tambayar da ta fi nauyi, ta ƙarancinsa. Dangin Impatiens, wanda masanin tsirrai Linnaeus ya sa wa suna a 1753, yana da nau'i sama da 1000. Ba a warwatse suke ko'ina ba, yawancinsu sun taru ne a wurare kaɗan: tsaunukan Afirka masu ruwa da nau'i sama da 100, Madagaska da sama da 200, tsaunukan yammacin Indiya da Siri Lanka, gabashin Himalaya, da kudu maso yammacin Sin, inda masu binciken ƙwayoyin gado suke ganin nan ne tushen dangin. Duk wuraren nan abu ɗaya ya haɗa su: tudu da laima. Karan balsamin ba itace a cikinsa. Ki ɗaga shi a rana za ki ga haske na ratsa shi, ruwan da ke ciki ne ya tsayar da shi. Ganyen siriri ne, ba ya iya riƙe ruwa. Ki tsinke reshe ki ajiye a benci, kafin ki gama kiran sunayen aji ya langaɓe. Tsiron da aka gina haka ba ya rayuwa sai bakin rafi, ko inda feshin ruwa ke sauka daga dutse, ko kurmin da gajimare ke kwana a ciki.

Sai kuma yadda yake watsa irinsa. 'Ya'yan suna cikin wata 'yar koriyar kwasfa mai ɓangare biyar. Idan ta nuna, bangon waje ya cika da ruwa yana neman miƙewa, na ciki ya hana shi. Ki taɓa ta da yatsa kawai, sai ta tsage, ɓangarorin su nannaɗe cikin ƙiftawar ido, 'ya'yan su tarwatse. Abin kallo ne, yara ba sa gajiya da shi, amma tafiyar ba nisa. Balsamin na Himalaya, wanda aka kai Ingila a 1839 ya zame musu annoba a bakin koguna, shi ne gwani, kuma iyakarsa mita bakwai. Ba fiffike da iska za ta ɗauka, ba nama mai zaƙi da tsuntsu zai haɗiye ya kai wani dutse. In dai ba ruwa ya ja su ƙasa ba, 'ya'yan suna faɗuwa ne gindin uwarsu. To ki haɗa biyun: ba ya jure bushewa, ba ya tafiya. Kwari mai zafi da ke tsakanin tsauni da tsauni ya ishe shi katanga. Lakar da aka haƙo daga ƙasan tafkin Barombi Mbo kusa da Kumba ta nuna cewa kimanin shekara 20,000 da suka wuce, lokacin da duniya ta yi sanyi da fari, kurmin ƙasar nan ya tsuke, itatuwan kan tudu sun gangaro ƙasa. Da ɗumi ya dawo suka koma sama. Duk sanda aka yi irin wannan kai-komo, wasu rukunoni suna yankewa a kan dutsensu, su daɗe su kaɗai har siffarsu ta bambanta da ta 'yan'uwansu. Shi ya sa za ki ji Impatiens kilimanjari na Kilimanjaro, Impatiens etindensis na Dutsen Etinde kusa da Limbe, wanda aka bayyana a 1999.

Akwai abu na uku, kuma shi na fi son koyarwa: baƙon da ke ɗaukar garin fure. Masu faɗin fuska da dogon siririn bututu na malam-buɗe-littafi ne, masu faffaɗar jaka na ƙudan zuma ne, jajaye masu kauri kuwa na sha-kauci ne, 'yan tsuntsayen nan masu dogon baki. Wasu masana daga ƙasar Cek sun yi shekaru suna kallon wannan a tsaunukan Bamenda da Dutsen Kamaru. Sun ga furen sakeriana yana reto ne a ƙarshen dogon sili, nesa da duk reshen da tsuntsu zai taka, har sha-kaucin tsaunukan Kamaru, Cyanomitra oritis, yakan tsaya cak a iska yana kaɗa fiffike yana sha, abin da aka daɗe ana ɗauka sai tsuntsayen Amurka ke yi. Na Impatiens frithii ya fi ban mamaki. An bayyana shi a 2002 daga tsaunukan Bakossi da Etinde, kuma a kan rassan itatuwa yake zaune cikin gansakuka. Ba ya tsotson itacen kamar kauci, wurin zama kawai ya ara. Matsalarsa ita ce tsuntsu ɗaya ne yake yi wa balsamin da yawa hidima a kurmi ɗaya, kuma sauran a saman kai suke shafa masa gari. In kowa ya shafa a wuri ɗaya, gari zai cakuɗe ya tafi a banza. Bututun frithii ya lanƙwasa ta yadda in tsuntsun ya zura baki, furen gaba ɗaya sai ya juya, ya shafa garinsa ta ƙarƙashin baki, inda ba kowa. A 2014 aka wallafa wannan. Furen da ya ɗaure rayuwarsa da tsuntsu guda haka, duk abin da ya kori tsuntsun ya gama da shi, ko ba a taɓa masa ganye ba.

Don haka ba wai gano shi ne ya jefa shi cikin haɗari ba. Da ma ɗan kaɗan ne, a wuri kaɗan, kuma dalilin da ya sa ya kai 2022 ba a rubuta shi ba kenan. Nau'o'in da suka yaɗu, yawancinsu an riga an rubuta su tun zamanin su Mann. Ƙungiyar IUCN, mai tantance halittun da ke fuskantar ɓacewa a duniya, tana da ma'auni: nau'in da duk filin da yake zaune bai kai murabba'in kilomita 500 ba, a wurare ƙalilan, kuma wurin yana lalacewa, yana cikin haɗari, in bai kai 10 ba, yana bakin ɓacewa. An sa banen a mataki na farko, etugei a na biyu. Rahoton Kew na 2023 ya ƙiyasta uku cikin huɗu na tsirran da ba a kai ga ba su suna ba suna cikin wannan hali. Barazanar Ebo kuwa ba ɓoyayyiya ba ce. A 2020 gwamnati ta ware wani babban ɓangarensa don yankan katako, aka yi ca daga ciki da waje, fadar shugaban ƙasa ta janye a watan Agusta, sai kuma a 2023 aka sake ware shi. Ba a sare balsamin don katako, amma hanyar tirela da buɗewar kurmi suna shigo da rana da iska inda da ba sa shiga.

Mu zo gida. Rabin amsar ruwa ne, kuma ba yadda za mu yi da shi. Debundscha a gindin Dutsen Kamaru tana samun ruwan sama kimanin milimita 10,000 a shekara, Garwa kimanin 1000, Marwa ƙasa da haka. Abin da ya fi adadin muhimmanci shi ne dogayen watannin rani da muke yi ba ɗigo. Tsawon dutse kaɗai ba ya wadatarwa: Emi Kusi a Tibesti ta Cadi ya kai mita 3415, ya ɗara Dutsen Oku mai mita 3011, amma Oku ne mai kurmi. Duwatsun Mandara ma suna da tsirransu na musamman, sai dai ba irin waɗannan ba.

Ɗaya rabin amsar shi ne ba a duba ba. Jerin tsaunukan da ya taso daga tsibirin Bioko ya bi ta Dutsen Kamaru da Bamenda bai tsaya can ba, ya shigo Adamawa. Cabbal Mbabo, tsakanin Banyo da Tinyer, ya haura mita 2400, kuma a gangarensa akwai kurmin tsauni na gaske, da gansakuka a rassa da rafuka masu sanyi. Ƙetaren iyaka ga Cabbal Wadde da Gashaka-Gumti da kurmin Ngel Nyaki a Mambila. Kuma muna da shaidar cewa tsaunukan nan suna da halittun da babu su ko'ina. A 2004 aka bayyana wani ɗan kwaɗo, Cardioglossa alsco, daga Cabbal Mbabo. Tun 1978 Jean-Louis Amiet ya bayyana wani, Astylosternus nganhanus, daga Dutsen Nganha gabas da Ngaundere. Kwaɗon bakin rafi da balsamin buƙatarsu ɗaya, raunin tafiyarsu ɗaya. Dutsen da ya ware wa kwaɗo nau'insa, ni a ganina ya cancanci a bi rafukansa ɗaya bayan ɗaya ana duba furanni.

Kudu ta riga mu ne don masu dubawa a can suka zauna. Lambun tsirrai na Limbe tun 1892 yake. An wallafa cikakken jerin tsirran Dutsen Kamaru a 1998, na Oku a 2000, na Kupe da Bakossi a 2004, kowanne bayan shekaru ana hawa ana sauka da rani da damina. Tsaunukan Adamawa ziyara suke samu jefi-jefi, yawanci da rani, don a lokacin ne mota ke iya kaiwa gindinsu. Balsamin kuwa da damina yake cika fure. Wanda ya zo a Fabrairu, ƙonanniyar ciyawa zai tarar ya rubuta cewa babu. A Agusta hanya ta zama taɓo, mayo, wato kogi, ya cika, sai moto zuwa inda ya iya, sauran a ƙafa. Ki ƙara da shekarun garkuwa da mutane a Adamawa da rikicin Boko Haram a Mandara, za ki ga dalilin da ya sa masu bincike ba kasafai suke zuwa ba.

Kurmin kuma ba jira yake ba. Makiyaya suna sa wa ciyawar kan tudu wuta don sabon toho ya fito wa shanu, kuma suna da hujjarsu. Amma wutar da aka sa a makare, a Fabrairu ko Maris, tana da zafin da take lasar bakin kurmi. Ki tsaya a irin wannan baki za ki ga layin itatuwa baƙi ƙirin ta ɓangaren ciyawa, kore ta ɓangaren ciki. Baɗi waɗannan sun faɗi, layi na gaba ya karɓi wutar. Da tsakar rani kuma shanu suna gangarawa cikin kurmin neman ruwa da inuwa, kofato ya dagargaza gaɓar rafi, daidai inda balsamin ke tsayawa. Ga masu ɓare bawon itacen Prunus africana da ake fitarwa Turai don maganin prostat, har Tarayyar Turai ta dakatar da sayensa daga Kamaru a 2007 saboda yadda ake kashe itatuwan. Ba na cikin masu ɗora wa Fulani laifin komai. Wutar farkon rani, tun ciyawa da sauran danshi, ba ta yin wannan ɓarna, kuma tsofaffinsu sun san haka fiye da ni. Duk wani shirin kare tsaunukan nan da aka tsara a ofis ba tare da arɗo da lamiɗo ba, a takarda zai ƙare. Su ne kuma suka san wane kwari ne ba ya bushewa.

Ke da ɗalibanki kuna da abin yi, musamman waɗanda ke zuwa hutun damina wajen Ngaundere, Banyo, Tinyer ko Poli. Waya ta isa. A ɗauki furen ta gaba, ta gefe yadda bututun zai fito sosai, ganye sama da ƙasa, da tsiron gaba ɗaya a inda yake, da biro a gefe don a gane girma. A rubuta rana, sunan rafi ko dutse, lambobin GPS, da abin da mutanen wurin ke kiransa. Kada a tumɓuke. Tara samfuri don bincike yana buƙatar izinin ma'aikatar binciken kimiyya, fitar da shi waje kuma yana ƙarƙashin dokar 2021 kan albarkatun halittu. Hotunan ki kai Ekol de Fon da ke nan Garwa, makarantar horar da jami'an gandun daji da aka buɗe a 1970, tana da ma'ajiyar tsirrai. Ko sashen nazarin halittu na Jami'ar Ngaundere. Ki shirya musu zuciya: abin da za su fi cin karo da shi shi ne Impatiens irvingii, mai fure ruwan hoda da dogon bututu, wanda ya bazu a fadamu da bakin rafuka na ƙasashen Afirka da dama. Wannan ma riba ce, don kowane hoto mai rana da wuri yana cike gurbi a taswira.

Batun magani, amsata a'a ce, kuma duk wanda ya tallata miki garin "sabon furen da aka gano" a Facebook, kuɗinki yake so. Jikin balsamin yana ɗauke da ƙananan allurai na gishirin oksalat masu ƙaiƙayi a baki da maƙogwaro, don haka ba abin jiƙawa a sha ba ne. Amfanin dangin da aka tabbatar zai ba ki sha'awa ta wata fuska. Balsamin na lambu, Impatiens balsamina, ɗan asalin Indiya, yana ɗauke da lawson, sinadarin nan da ke sa lalle ya kama, ko da yake ba dangin juna ba ne. A Koriya da Sin 'yan mata suna daka furensa da ganye da ɗan alif, su ɗaure a farce su kwana, da safe ya fito ja mai ruwan lemo. A Habasha mata suna dafa saiwar Impatiens tinctoria, wadda suke kira insosila, su yi ƙunshin hannu da ƙafa. Gargaɗin da likitoci ke yi kan lalle ya hau kansa: kada a shafa wa jariri, don lawson yana farfasa jinin yaron da ke da ƙarancin G6PD, wani sinadari mai kare jajayen ƙwayoyin jini, kuma wannan larura ba baƙuwa ba ce a cikinmu.

Tukunya kuwa, ki manta da na Ebo da na tsauni. Ko an ba ki kyauta, zafin Maris da Afrilu na Garwa mai haura 40 zai dafa shi. Impatiens walleriana na gabashin Afirka, wanda masu sayar da furanni ke kawowa daga kudu, yana yi a Ngaundere, a nan kuwa sai dai ki more shi da damina da hunturu. Wanda zai yi miki shi ne na lambun nan, balsamina. Ki shuka 'ya'yan a Yuni in ruwa ya zauna, a ƙasa mai taki da ɗan yashi, tukunya mai huda a ƙasa, inda zai samu ranar safe da inuwar azahar. Cikin mako ɗaya zuwa biyu zai tsiro, wata biyu ko da ɗan ɗori ya fara fure, wato daidai komawa makaranta a Satumba kina da fure da kwasfa na nuna wa aji. Na shekara ɗaya ne, in ya mutu da kaka ba laifinki ba ne. Wajen ɗibar iri, ki rufe kwasfar da ta fara yin rawaya da tafin hannu kafin ki matsa, ki shanya 'ya'yan a inuwa, ki ajiye su cikin ambulan na takarda, ba leda ba.